Yadda iyali za su tafiyar da gida idan guguwa ta ɗauke wuta na kwana da kwanaki

Da asubahin Litinin, 8 ga Yuli 2024, guguwar Beryl ta afka wa gaɓar tekun jihar Texas ta Amurka kusa da Matagorda, kuma kafin rana ta yi tsaka gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan 2 a birnin Houston da kewayensa sun rasa wutar lantarki. Ba ta cikin manyan guguwa, domin a mataki na ɗaya take daga cikin matakai biyar da ake auna ƙarfin iska da su, amma ta tumɓuke bishiyoyi ta kwantar da turakun wuta, har wasu unguwanni suka haura mako guda a cikin duhu da tsananin zafin Yuli, kuma zafin nan ya yi ajalin mutane da dama bayan iskar ta wuce.

Bahaushen da ke zaune a Houston ko New Orleans yakan ji ana maganar ɗauke wuta ya yi murmushi, ya ce ai mu da muka girma ana ɗaukewa ana kawowa ba za a koya mana zaman duhu ba. Akwai gaskiya a maganar, amma rabinta ce kawai. Gidan Kano ko na Damagaram an gina shi ne da sanin cewa wuta baƙuwa ce: akwai tsakar gida da ake shimfiɗa tabarma a sha iska, akwai randa, akwai murhu ko kurfoti, akwai mai ruwa da zai turo kura har ƙofar gida. Gidan Amurka kuwa akwati ne na katako a rufe ruf, wanda sanyinsa da girkinsa da buɗe ƙofar garejinsa duk a wuyan wuta suke rataye, kuma idan ta tafi takan tafi da gidan mai, da kanti, da injin cirar kuɗi, da fitilun kan hanya. Saboda haka abin da mutum ya saba da shi a gida zai ba shi haƙuri, amma ba zai ba shi tsari ba, kuma tsarin ne wannan bayani ya ƙunsa.

Kafin iska ta iso

Lokacin guguwa a tekun Atlantika yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Hukumar hasashen yanayi takan fitar da sanarwar sa ido kimanin awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, sannan ta fitar da gargaɗi na sosai idan ya rage awa 36. Wanda ya jira gargaɗi na biyu kafin ya nufi kanti zai tarar an kwashe ruwan gora da batir da burodi. Idan kuma hukuma ta ba da umarnin a bar unguwa, to a bar ta, domin zama a inda aka ce ruwan teku zai haura ba tawakkali ba ne. Mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya dogara.

A fara da ruwa. Ma'aunin da hukumomin agajin gaggawa suka bayar shi ne galan 1, wato kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku, amma gidan Musulmi da ake alwala sau biyar kuma ake tsarki da ruwa ya kamata ya ninka wannan lissafi. A cika bahon wanka da duk wani bokiti domin zuba wa banɗaki, a keɓe ruwan sha dabam, a kuma cika gorunan roba a jera su a firiza su daskare, saboda ƙanƙarar za ta riƙe sanyin abinci, idan ta narke kuma ta zama ruwan sha. Kada a ɗauka cewa famfo ba ya ɗaukewa a Amurka. Bayan guguwar Helene a ƙarshen Satumba 2024 mutanen birnin Asheville a jihar North Carolina sun yi fiye da makonni bakwai ba su samu ruwan famfon da za a sha kai tsaye ba.

Daga nan a cika tankin mota, a ciri tsabar kuɗi ƙananan takardu, a karɓo magungunan masu hawan jini da ciwon sukari da asma na aƙalla mako biyu, a cika wayoyi da batiran ajiya da caji, a sayi tocila ga kowane mutum da ƙaramin rediyo mai batir. Fasfo da takardun zama da na inshora a sa su a leda mai zif a ajiye a sama. A rubuta lokutan salla na mako biyu a takarda, a kuma tabbatar kowa ya san alƙibla ba tare da waya ba. A wajen abinci kuwa Bahaushe ya fi maƙwabcinsa sa'a, domin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da dabino da dambun nama da madarar gari duk abinci ne da ba su san firji ba.

Daren guguwar kansa bayaninsa gajere ne. A tattara kowa a ɗakin tsakiya da ba shi da taga, nesa da ɓangaren da bishiya za ta iya faɗowa, kuma kada a fita don an ji shiru, domin idan tsakiyar guguwa ce ke wucewa iskar za ta dawo ta wani ɓangaren. A koya wa yara addu'ar da Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi yana yi idan iska ta taso, inda yake roƙon Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta da alherin abin da aka aiko ta da shi, yana neman tsari daga sharrinta. Yaron da aka ba abin da zai riƙa maimaitawa ya fi samun natsuwa a kan wanda ake ta ce wa ya daina kuka.

Safiyar farko

Maigida ya fita shi kaɗai da takalmi mai kauri ya zagaya gida. Duk wayar wutar da ya gani a ƙasa ya ɗauka tana da rai, kada ya kusance ta ko ruwan da ta faɗa ciki. Idan ya ji warin gas, a fitar da kowa, kada a kunna ashana, a kira lambar gaggawa ta 911 daga waje. Kafin a taɓa ko a gyara komai a ɗauki hoton duk ɓarnar da aka yi, har da abincin da zai lalace, saboda kamfanin inshora da FEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin Amurka, hujja suke nema. A cire kayan wuta daga soket don kada su ƙone idan wuta ta dawo da ƙarfi, a bar ƙwan lantarki ɗaya a kunne ya zama mai shela.

Sai a aika saƙo gida. Iyaye a Najeriya ko Nijar sun riga sun ga hotunan a waya, hankalinsu ya tashi, kuma kowa zai so ya kira ya ji murya. A zaɓi mutum ɗaya a dangi, yaya ko ƙane, a tura masa rubutaccen saƙo cewa kowa lafiya, shi ya isar wa Hajiya da sauran 'yan'uwa, a kuma faɗa masa lokacin da za a sake buɗe waya. Rubutaccen saƙo yakan wuce a lokacin da kira ba ya shiga, kuma ba ya cin batir.

Janareta

Nan ne ya kamata a tsaya a yi magana da babbar murya, domin janareta ya sha kashe mutanen da guguwa ta bari da rai. Bayan guguwar Laura a Agusta 2020, mutum biyar 'yan gida ɗaya suka rasu a Lake Charles ta jihar Louisiana saboda janaretan da aka kunna a garejin da ke manne da gidan. Abin da ke kisan iska ce da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, wanda yake barci kuma ba ya ma farkawa. Mu ma a gida mun sha jin an wayi gari an tarar da iyali duka sun rasu a ɗaki bayan an kwana da inji a baranda, amma sabo ya sa muna raina abin.

Ƙa'idar ita ce janareta ya zauna a waje, ƙafa 20 daga gida, wato kusan mita 6, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da ƙofa da taga. Gareji ba waje ba ne ko da an wangale ƙofarsa, barandar bene ma haka. Tsoron ɓarawo ne ke sa mutane su jawo inji kusa, maganin wannan kuwa sarƙa da kwaɗo ne. A sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, mai aiki da batir, kusa da ɗakunan kwana. Kada a zuba mai inji yana aiki ko yana da zafi, a kashe shi ya huce tukuna. Kada kuma a haɗa shi da soket ɗin bango don a ba gida duka wuta, saboda wutar takan koma kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan turke yana gyara. Hukuncin kurfoti da gawayi da murhun gasa nama ɗaya ne da na janareta: a waje kawai. Duk wanda ya fara jin jiri a gidan da inji ke aiki, a fitar da kowa iska a kira 911, kada a tsaya cewa gajiya ce.

Da dare a yi amfani da tocila a bar kyandir. Idan dole ta sa an kunna, akwai umarnin Annabi a hadisi cewa a kashe fitilu idan za a kwanta, kuma a gidan katako umarnin nan ya fi ko'ina nauyi.

Zafi da abinci

Zafin Houston ba irin na Sakkwato ba ne. Namu busasshe ne, gumi yana bushewa jiki ya yi sanyi, nasu kuwa cike yake da laima, gumi ya tsaya a jiki ba ya tafiya, shi ya sa wanda ya saba da zafin Afrilu a gida zai iya galabaita a can bai ankara ba. A rufe labulen ɓangaren da rana ke bugawa, a buɗe tagogi da dare, a koma kwana a ƙasan bene, a jiƙa tawul a ɗora a wuya, a sha ruwa tun kafin ƙishi. Wanda ya yi gumi da yawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsoho da jariri da mai juna biyu da mai ciwon zuciya su ne abin lura, kuma idan aka ga mutum ya fara ruɗewa ko maganarsa ta sauya jikinsa ya yi zafi ƙwarai, wannan maganar asibiti ce nan take. Birni yakan buɗe wuraren shan sanyi a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, lambar 211 kuma takan faɗi inda suke. Kai Baba ko Inna can su wuni ba abin kunya ba ne, ko da sun ce su ba su jin komai, domin dattijo ba kasafai yake faɗin wahalarsa a gidan ɗansa ba.

Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kimanin awa 4, firiza cikakkiya awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. Saboda haka a fara cin abin da ke firji, a bi da na firiza, a bar busasshen abinci da na gwangwani zuwa ƙarshe. Uwargida ta rubuta abin da ke ciki a takarda ta manna a ƙofa don kada yara su riƙa buɗewa suna leƙe. Gidan da ya tara nama, musamman idan ragowar layya ce, kada ya zauna yana kallo ya lalace. Tun yana da ƙanƙara a jikinsa a fito da shi a soya shi sosai a waje yadda ake suyar Babbar Salla, a ci a kuma rarraba wa maƙwabta. Nama ko kifi ko madara ko miyar da ta wuce awa 2 bayan sanyinta ya tafi, a zubar. Na san wannan yana yi wa Bahaushe ciwo, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, amma ciyar da yaro abin da zai sa shi gudawa a ranar da asibiti ya cika ya fi wannan muni, kuma ɗanɗano ba ya nuna lafiyar abinci. Idan hukuma ta ce a tafasa ruwa, a bar shi ya yi minti 1 yana tafasa. Idan babu abin dafawa, ɗigo 8 na bilic, wato ruwan wanke farin kaya mai kashe ƙwayoyin cuta, marar ƙamshi a galan 1, a jira minti 30.

Salla ce agogon gida

Daga kwana na uku matsalar takan tashi daga ta kaya ta koma ta zuciya. Babu makaranta, babu aiki, babu talabijin, barci ba ya ƙosarwa, ƙaramar magana sai ta zama faɗa tsakanin miji da mata. Abin da na ga ya fi riƙe gida shi ne a ɗaure ayyukan yini a jikin salloli biyar. Bayan Asuba, lokacin da gari ke da ɗan sanyi, a yi aikin ƙarfi: share rassan bishiya, bin layin mai ko ƙanƙara, girkin yini. Daga Azahar zuwa La'asar kowa ya kwanta ko a tafi wurin shan sanyi a yi caji. Bayan La'asar a zagaya maƙwabta. Kafin Magariba a gama cin abinci da wanke kwanuka tun da sauran haske, a ajiye kowace tocila a inda aka san ta. Kowane yaro a ba shi aikinsa, wannan mai kula da tocila, wancan mai ƙirga gorunan ruwa, babban cikinsu kuma shi ne ladan.

Addini bai ƙuntata wa wanda ke cikin irin wannan hali ba. Annabi yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, mudun nan da muka sani a zakkar fidda kai, wato cikin tafin hannu biyu, don haka rabin ƙaramar buta ya isa, wanke gaɓa sau ɗaya kuma ya wadatar. Idan ruwan da ya rage na sha ne, a yi taimama kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 6, kuma yana da kyau a ajiye dutse mai tsabta a gida saboda haka. Ruwan saman da aka tara a mazubi mai tsabta yana tsarkakewa, amma ruwan ambaliyar da ya kwanta a titi ya gauraya da na masai, kada a kusance shi. Zuwa masallaci ma ba dole ba ne idan hanya tana da haɗari, domin Ibn Umar ya ruwaito cewa a daren sanyi da ruwa Annabi yakan sa ladan ya ce a yi salla a gidaje. Maigida ya ja iyalinsa jam'i a falo. Wanda ya fita da mota kuma ya tuna cewa mahaɗar da fitilunta suka mutu kowa tsayawa yake yi kafin ya wuce.

Tsakanin Magariba da Isha shi ne lokacin da ya fi kowane daɗi, idan an san yadda za a yi da shi. Yaran da aka haifa a Amurka da yawansu ba su taɓa jin an ce ga ta nan ga ta nanku a cikin duhu ba, ba su san Gizo da Ƙoƙi ba sai a baki. A yi musu tatsuniya da kacici-kacici, a yi tilawar abin da aka haddace, kaka ta ba da labarin yadda aka yi karatun allo da hasken kara. Miji kuma ya riƙa ce wa matarsa sannu da ƙoƙari a gaban yara, ya karɓi wani aikin daga hannunta, domin ita ce ke tsugune gaban wuta a cikin wannan zafi.

Godiya

Ce wa yaro ya gode wa Allah alhali yana jiƙe da gumi ba ya shiga kunnensa, sai an nuna masa abin da zai gode a kai. Kowane dare bayan Isha a zagaya, kowa ya ambaci abu ɗaya takamaimai da ya samu a ranar: bishiyar da ta faɗi ta kauce wa rufi, maƙwabcin da ya miƙo wayar wuta ta kan shinge, ƙanƙarar da aka samu bayan dogon layi. A karanta musu hadisin da ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne, sannan a bi sharuɗɗan uku ɗaya bayan ɗaya a ga ko akwai wanda gidan ya rasa. A ba su labarin da Nana A'isha ta bayar cewa akan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino da ruwa kawai ake rayuwa a kansu. A kuma tuna musu da mutanen Puerto Rico, waɗanda bayan guguwar Maria ta 2017 wasunsu sai da suka yi kusan wata 11 kafin wuta ta dawo musu.

Amma kada a mai da godiya sandar dukan wanda ya gaji. Matar da ta ce ta gaji ba butulci ta yi ba, yaron da ya yi kuka saboda tsoro ba raunin imani ne da shi ba, kuma neman tallafin FEMA ko bin kamfanin inshora a kan haƙƙi bai saɓa wa haƙuri ba. Godiyar da ta fi amfani a irin waɗannan kwanaki ita ce wadda ta fita ƙofar gida. A ƙwanƙwasa wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, Musulma ce ko Kirista, a tambaye ta maganinta da ruwanta. Mai janareta ya ajiye soket a waje maƙwabta su yi caji, ya karɓi insulin ɗin mai ciwon sukari ya sa masa a firji. Wanda wutarsa ta riga dawowa ya kira ɗan'uwan da tasa ba ta dawo ba ya ce ya kwaso iyali su zo, kada ya jira a roƙe shi, domin Bahaushe zai kwana a zafi da bai buɗe baki ba. Ma'aikatan gyaran layi, waɗanda da yawansu daga wasu jihohi suke zuwa su wuni a kan turke, idan sun iso unguwa a aiki yara su kai musu ruwan sanyi, saboda hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Ranar da ƙwan nan da aka bari a kunne ya haska, a yi hamdala, mai so ya yi sujadar godiya, amma kada a ruga a kunna komai lokaci guda. A jira 'yan mintoci wutar ta daidaita, a kashe janareta a cire wayoyinsa, sannan a mayar da firji, na'urar sanyaya gida ta biyo baya. A kwashe duk abin da ya lalace a wanke firji da ruwan bilic. A cikin makon nan, tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwa, miji da mata su zauna su rubuta abin da ya ƙare da wuri da abin da aka saya bai yi amfani ba, a sake cika ruwa da batir, a zuba ragowar man janareta a mota don kada ya lalace a jarka, domin idan guguwar ta zo ne a Yuli kamar Beryl, akwai sauran fiye da wata huɗu kafin 30 ga Nuwamba.